Muryar da Baba Ya Yanke

Babana mai haɗa sauti ne. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya gyaɗa kai kamar ya gane, can anjima kuma ya tambaye ni wace irin ganga yake kaɗawa. Baba ko tafi bai iya yi daidai ba. Aikinsa shi ne wannan: in kana kallon fim ka ga mace ta shiga kicin, ka ji murfin tukunya ya yi ƙara, ka ji wuƙa tana sauka a kan katako, ka ji albasa ta faɗa cikin mai mai zafi, to ba a wurin ɗaukar fim ɗin aka samo waɗannan ba. A can janareta ke ruri, darakta na ta ihu, tukunyar ma galibi wayam take, wutar kuma a kashe. Sai an gama komai ake kawo wa irin su Baba hoton, su zauna su bi shi suna sa masa ƙara ɗaya bayan ɗaya, har ka rantse kana jin ƙamshi.

A gidan rediyo ya fara tun yana saurayi, yana yi wa 'yan wasan kwaikwayo ƙarar ƙofa da takun takalmi. Daga nan ya koma wurin masu fim da masu talla, daga baya har masu wasannin waya suka san da zamansa. Akwai wani wasa da ake soya ƙwai a gurguje kafin masu jira su yi fushi. Ɗana yana buga shi har sai na ƙwace wayar, bai san kaskon kakarsa yake ji ba.

Kaskon Mama ne kuwa. Situdiyon da Baba yake aiki yana da nasa tarkacen, tukwane da faranti cike da kanta, amma Baba ya ce duk matattu ne, tunda ba su taɓa ganin wuta ba ƙarar gwangwani suke yi. Ya ce hannu ma haka yake, in wanda bai iya girki ba ya riƙe wuƙa kunne yana ganewa. Shi kansa in ka ba shi albasa sai an nemo masa abin ɗaure yatsa. Saboda haka duk sautin kicin da ya taɓa bayarwa, a kicin ɗin gidanmu aka ɗauke shi, kuma hannun Mama ne.

Ranar ɗauka ranar takura ce a gidanmu. Baba zai zare wayar firiji, ya sauke agogon bango ya kai shi ɗaki ya danne da matashi, ya rataya barguna a taga da ƙofa har kicin ɗin ya koma kamar tanda. Zai sa Mama ta cire awarwaro da zobe, ta tuɓe takalmi, ta sauya zani in wanda ta ɗaura mai ƙara ne. Mu yara a kore mu waje da sharaɗin ko tari kada a ji. Sau da yawa yakan manta bai mayar da wayar firijin ba, sai washegari a ga kaya sun narke, Mama ta yi ta faɗa har rana ta take. Yaran layinmu suka sa masa suna Malam Shiru, sunan kuma ya bi shi har wurin aiki.

Sai ga shi Allah ya haɗa Malam Shiru da macen da ba ta san inda ake sayar da shiru ba. Mama tana magana da albasa. Tana magana da famfo in ya ƙi kawo ruwa, tana amsa wa mai karanta labarai a rediyo, tana yi wa tukunya faɗa in ta yi saurin tafasa. In ta ƙwala wa ɗayanmu kira daga kicin, har 'ya'yan maƙwabta sai sun amsa. In kuma dariya ta kama ta, sai ta ajiye ludayi ta dafa bango tukuna.

Ta nan suke samun saɓani kullum. Baba zai kafa makirufo, ya ɗora hedifon a kunne, ya ɗaga yatsa, Mama ta fara yanka. Wuƙa na tafiya lafiya lau, sai ka ji, "Wai wannan albasar a ina ka sayo ta? Duk ta fara tsiro."

"Haba, maman yara. Ana ɗauka."

"To ai ban ce a daina ba."

"Kin ɓata. Sai an sake."

"Wuƙar ce ta ɓata ko ni? Malam, in kurma kake so ai da ka faɗa tun ranar da ka zo gidanmu."

Ba ya iya rufe mata baki, sai ya koma yana yanke ta. A zamanin kaset da reza yake yi. Zai zauna a teburin falo yana murza zaren a hankali har ya gano inda maganarta ta fara da inda ta ƙare, ya datse, ya haɗa bakin biyu da salatif, guntun kuma ya jefa a kwando. Mu ne muke kwashe guntayen nan masu ƙyalli muna ɗaura wa sanda muna gudu da su a layi. Da kwamfuta ta zo aikin ya ƙara sauƙi, ya zana wurin ya danna, shi ke nan. Wurin ajiya kuma a lokacin kaɗan ne, saboda haka tataccen kawai yake bari, ɗanyen ya goge. Abin da yake cirewa yana da suna a bakinsa. Datti yake ce masa, ko kukan mota ne, ko carar zakara, ko matarsa.

Kada a ɗauka Mama ba ta son aikin. Tana ji da shi fiye da shi ma. Ita ta san asirin sana'ar kaf: cewa ruwan saman da ke zuba a kan masoya a fim suyar kaskonta ce aka rage wa zafi, cewa ƙashin ɗan daba da aka karya kabejinta ne, cewa wutar da ta cinye gidan attajiri ledar biredi ce Baba ya murza. In ana kallo a falo da baƙi ba ta bari a ji daɗi. Jaruma na kuka a cikin ruwa, mata na share hawaye, sai Mama ta ce, "Ku daina wahalar da kanku, wannan ruwan ranar ƙwai nake soyawa."

Haka suka shekara talatin da wani abu, har muryarta ta fara dishewa. Da farko mura aka ce. Aka sha zuma da lemon tsami, aka ɗora wa hayaƙi laifi, aka ɗora wa surutu. Baba har tsokanarta yake yi, wai Allah ya karɓi addu'arsa. Wata ya bi wata ba ta washe ba, haɗiya ma ta fara gagara, sannan muka tafi asibiti. Aka yi hoto, aka yanki tsoka aka gwada, aka ce mu dawo.

Ni na raka su ranar da aka ba da sakamako, don ni ce auta kuma ni ce a kusa. Likitan mutum ne mai sanyin magana. Ya ce ciwon daji ne a maƙoshi, kuma ya yi nisa, sai an cire inda murya take fitowa gaba ɗaya in ana son ranta. Ya ce daga baya akwai dabarun da ake koya wa mutum ya riƙa fitar da kalmomi, amma gaskiya ba zai ɓoye mana ba, ba muryarta za ta dawo ba. Ni tuni na fara kuka. Mama ce ta dafa gwiwata, ta dubi likita, ta yi magana da 'yar ragowar muryar nan da sai ka matso kake ji.

"Ba komai, likita, a cire. Tawa tana ajiye. Mijina ya fi shekara talatin yana ɗaukata, kwali-kwali ne a gida."

Likita ya yi murmushi ya ce to ai ta fi mutane da yawa sa'a. Na juya na kalli Baba. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar wanda ya taka matakala ya ji babu ita. Da muka fito Mama ta shiga banɗaki, na tare shi a baranda na ce, "Baba, akwai dai ko?"

Ya ce, "Zan duba." Bai kalle ni ba da yake faɗa.

Kwalayen suna nan da gaske, a saman kabad da ƙarƙashin gado da ɗakin ajiya. Muka kwashe su zuwa situdiyo da sunan za a tace. Baba ya aro tsohuwar na'urar kaset wurin wani abokinsa, muka zauna ni da shi, kowa da hedifon, daga safe har la'asar, kwana da kwanaki. Kowane kaset da rubutun hannunsa a jiki: albasa da babbar wuƙa, a hankali, butar shayi, wanke faranti, ruwa kaɗan. Na ji hannun mahaifiyata tana amarya, na ji shi tana da cikina, na ji ranar da take sauri da ranar da ranta yake a ɓace. Na ji tana fasa ƙwai da hannu ɗaya. Komai ya fito tar, babu ko ƙura, kuma babu ita.

Muka nema ko'ina. Mama ba ta taɓa tura saƙon murya a waya ba, ta ce ita ba ta magana da wanda ba ya amsawa. Yayana da ke aiki a wani gari ya bincike tsofaffin wayoyinsa, bai samu komai ba sai hotuna. Gidan rediyo suka ce kasakasan wancan zamani an daɗe da ɗora wasu shirye-shirye a kansu. Sai na tuna da bidiyon bikina, na taho da shi a guje ina murna. Ga Mama nan a tsakiyar mata, bakinta na motsi, tana nuna wani da yatsa, ta dafa bango tana dariya. Abin da ke fita daga lasifika kuwa wani kiɗa ne mai taushi. Baba ne ya gyara bidiyon da kansa a lokacin, kyauta ga 'yarsa. Hayaniyar wurin ta dame shi, ya cire ta duka.

Editan da suke aiki tare da Baba a situdiyon ya ce yanzu kwamfuta tana iya ƙera muryar mutum in an ba ta ɗan samfuri. Samfurin ne babu. Na lallaɓa Mama na ce ta bari mu ɗauki wani abu yanzu, ko gaisuwa ce ga jikoki. Ta harare ni. "Da wannan ta kwaɗon? Ba ita nake so su sani ba. Ga mai kyau can wurin babanku." Da na matsa, da ta gane, sai na bar maganar.

Abu mafi kusa da muka samu yana ƙarshen wani fayil na yankan karas. Wuƙa ta tsaya, aka ajiye ta a kan katako, sai Mama ta ja numfashi, irin wanda take ja in za ta fara dogon zance. Nan fayil ɗin ya ƙare. Baba ya maido shi baya ya sake ji, ya sake, ya sake, kamar in ya dage maganar za ta fito. Raina ya ɓaci, na cire hedifon na ce, "Baba, wai a duk shekarun nan ko sau ɗaya ba ka yi kuskure ba? Ko sau ɗaya hannunka bai zame ba?"

"Ni ba na barin datti," in ji shi, da irin muryar da yake faɗa wa daraktoci. Sai ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Ya zare tabarau ya riƙe a hannu, ya zauna yana kallon bango. Na ji tausayinsa, na ji haushinsa, kuma babu wanda zai amfane mu a ciki.

Ranar tiyata, ana tura ta a gado, ta kamo hannun rigarsa ya sunkuya. Ina kusa, na ji. Ta ce, "Ka haɗa min mai kyau. Wadda nake dariya." Ya ce to. Maganarta ta ƙarshe ke nan da aka ji.

Aiki ya yi kyau, in ji likitoci, kuma mun gode Allah. Ta dawo gida da ɗan ƙyalle a wuya da ramin da take numfashi ta ciki. Gidan ya yi tsit irin wanda Baba ya yi shekaru yana nema da barguna. Ana jin firiji daga falo, ana jin agogo daga tsakar gida. In tana son wani sai ta ƙwanƙwasa cokali a jikin kofi. Ɗana ya ba ta ƙaramin allonsa na makaranta da alli, a kansa take mana faɗa yanzu, sai dai kafin ta gama rubutawa wanda ya yi laifin ya bar wurin. Kusan kullum in Baba ya dawo sai ta ɗaga masa allon: Ina muryata? Shi kuma ya ce, "Ina tacewa." Ya rame ya fi mai jinyar.

Na ce masa ya faɗa mata gaskiya kawai. Ya ce da wane baki? Mace ta miƙa wuyanta aka yanka saboda ta yarda da shi, sai ya je ya ce mata ya share ta da tsintsiya?

Ana haka ƙanwar Mama, wadda muke kira Inna, ta zo dubiya daga garinsu. Tun daga ƙofa ta rangaɗa sallama tana faɗan an bar takalma a hanya. Baba yana falo, na ga kansa ya ɗago da sauri, ya karkata kunne yadda yake yi in ya ji abin da zai yi masa amfani. Na san wannan kallon. Shi ne kallon da yake yi wa kabeji a kasuwa.

Washegari ya tara mu ni da Inna a mota ya faɗi abin da ke ransa: Inna ta yi muryar Mama ya ɗauka. Inna ta ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Yayar tawa zan yi wa ƙarya tana kwance?"

"Ba ƙarya ba ce, aiki ne," in ji Baba. "Duk rayuwata abin da nake yi ke nan. Ban taɓa ɗaukar ruwan sama na gaske ba, kuma ba wanda ya taɓa dawo min da shi. Sannan babu mutumin da ya san muryarsa a rikoda. Kowa ka sa masa tasa sai ya ce ba shi ba ne. Uwa ɗaya uba ɗaya kuke, maƙoshinku ɗaya. Sauran ki bar min."

Inna ta kalle ni, ni kuma na kalli taga. Da akwai wata hanya da na faɗa. Babu, sai muka bi shi.

A situdiyo aka yi. Baba ya jera tukwanen nan da yake kira matattu don Inna ta ji kamar tana kicin, ya tsayar da ita gaban makirufo. Ni ce mai kawo kalmomi, tunda ni na fi zama da Mama a wurin girki: yadda take yi wa famfo magana, yadda take kirana, abin da take cewa in mai ya fantsar mata. Inna ta faɗa, Baba ya girgiza kai daga bayan gilashi. "Sauko da ita kaɗan. Kin yi sauri. Ita tana jan ƙarshen. Sake." Dariyar ce ta fi ba da wuya, don Inna da ta fara sai ta ƙare da kuka, a tsaya ta wanke fuska. Har ta gaji ta ce, "Yanzu na gane abin da Yaya ta sha a hannunka. Wallahi ta yi haƙuri." Wannan ta faɗe shi daidai yadda Mama za ta faɗa, Baba ya ce a bar shi a ciki.

Daga nan ya rufe kansa da aikin makonni. Ya ɗauko sautin hannun Mama na gaske, wuƙarta da kaskonta da butarta, ya shimfiɗa maganar Inna a kai. Ya rage nan, ya ƙara can, ya sa ta yi kamar daga bakin taga take fitowa, ya zuba 'yar ƙurar tsohon kaset a sama. Har firiji ya sa yana gurnani a baya, da agogo, abubuwan da bai taɓa bari su shiga aikinsa ba. Yakan ji jimla ɗaya tun safe har a kira shi cin abinci. Editan ya ce bai taɓa ganin aikin da ya kai wannan ba a hannun Malam Shiru, kuma na yarda da shi.

Wata ranar da yamma, bayan Inna ta koma, ya kawo. Mama na zaune a falo da allonta a cinya. Ya ɗora mata hedifon da kansa, ya gyara mata ɗankwali, ya danna. Ni ina jin abin da ke tsiyayowa kaɗan-kaɗan: wuƙa, sannan, "Auta, zo ki duba min wannan wutar, ni ban gane mata ba yau." Mama ta rufe ido. Hannunta na dama ya fara motsi a kan allon yana bin wuƙar. Da aka zo dariyar, kafaɗunta suka girgiza, hawaye ya gangaro. Da ya ƙare ta yi alama a sake. Sai da ta ji shi har ƙarshe a karo na biyu, sannan ta ɗauki alli ta rubuta: Na gode, Malam. Ta yi kyau.

Baba ya ce bari ya duba mota, ya fita da sauri, ko takalmi bai sa daidai ba. Mama ta bi ƙofar da kallo har ta rufu. Sai ta goge allon da gefen zani, ta yi rubutu, ta juyo min da shi.

Ƙanwata ce. Ni na goya ta.

Na rasa inda zan sa idona. Ta goge, ta sake rubutawa: Babu ko ɗaya? Na girgiza kai. Ta daɗe tana kallon allon, allin na tsakanin yatsunta, ramin wuyanta na fitar da iska da ƙarfi. Da tana da murya, ranar da duk layin sun ji mu. Abin da ta rubuta a ƙarshe gajere ne: Kada ki gaya masa na sani. Ta jira na karanta, ta goge shi tas, har da yawu.

Tun daga ranar take sa shi. In jikoki sun zo Baba yakan tara su ya ce su zo su ji kakarsu lokacin da take da baki, ta zauna a tsakiyarsu tana gyaɗa kai. Ƙananan ba su san wata murya ba sai wannan, da ita za su girma. Ni kuwa ina riƙe da sirrin kowannensu, na rasa wanda zan sauke wa. Na ɗauka dai ko ba komai Baba ya samu sauƙi.

Kwanakin baya na biya situdiyo in kai masa maganinsa da ya manta a gida. Na same shi zaune a matakalar waje da rana tsaka, babu hedifon, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Ya daina karɓar aikin kicin, in an kawo sai ya ce a ba wani. Na zauna kusa da shi, muna kallon masu wucewa.

"Auta," ya ce, "akwai abin da ya same ni."

Na ce mene ne.

"Da can, ko da babu a kaset, tana nan." Ya taɓa gefen kansa. "In na rufe ido ina jin ta sarai. Da ita na auna ta Innarku, da ita na gyara. To na yi ta ji, na yi ta ji. Yanzu in na kira ta, Innarku ce take amsawa. Na gwada ta ko'ina. Ranar da na fara ganinta, ranar da aka haife ki, faɗan firiji. Duk Innarku ce a ciki." Ya juyo ya dube ni, idonsa ya yi ja. "Ke ai kina tunawa. Yi min yadda take kiranki. Sau ɗaya kawai, in kama bakin zaren."

Na buɗe baki da niyyar abu ne mai sauƙi, kiran da na ji tun ban san kaina ba. Sai na tsaya, don ni ma ina cikin ɗakin nan ranar da Inna take maimaitawa, kuma na ji faifan ya fi a ƙirga. Na dai daure na yi, a nan bakin titi, har wani mai wucewa ya waiwayo.

Baba ya saurara da ido a rufe, kansa a karkace.

"A'a," ya ce. "Ta fi haka ƙasa." Ya buɗe ido. "Ko sama. Sake yi."